Kafin ka biya kuɗin yawon jirgin ruwa a Bahar Rum

Tallar takan zo da daɗin ji: kwana bakwai a teku, garuruwa biyar ko shida, ɗaki da abinci, duk a kan 'yan ɗaruruwan Yuro. Ba ƙarya ba ce, amma rabin magana ce. Farashin na mutum ɗaya ne, bisa sharaɗin mutum biyu za su kwana a ɗakin, kuma ɗakin shi ne mafi araha a jirgin, wanda ko taga ba shi da ita. Mai tafiya shi kaɗai yakan biya kusan kuɗin mutum biyu. Sauran kuɗaɗen a hankali suke lallaɓowa, sai ranar sauka mutum ya ga jimilla ya riƙe baki. Mafi yawansu ana iya tare su tun daga gida.

Mu ɗauki zagayen da ya fi shahara a yammacin Bahar Rum, irin wanda kamfanonin MSC da Costa suke yi duk mako: Barcelona a Sifaniya, Marseille a Faransa, Genoa ko Savona da Civitavecchia da Palermo ko Naples a Italiya, wani lokaci a haɗa da Valletta a Malta ko La Goulette a Tunisiya.

Ga mai fasfon Najeriya, Nijar ko Ghana, biza ce gaba da komai, kuma a nan aka fi tafka asara. Sifaniya, Faransa, Italiya da Malta duk suna cikin yankin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da bizar bai-ɗaya, saboda haka biza ɗaya ta wadatar. Amma da zarar jirgin ya tsaya a tashar da ba ta cikin yankin, kamar Tunisiya, ko Kotor a Montenegro, ko Kusadasi a Turkiyya, to ka fita ke nan, komawarka shiga ce ta biyu. Bizar shiga sau ɗaya ta mutu a wannan ranar. Saboda haka sai ka nemi mai shiga da fita sau da yawa, ka haɗa jadawalin jirgin a cikin takardunka don ofishin jakadancin ya ga dalili. Ka kuma tambayi kamfanin a rubuce ko fasfonka yana buƙatar bizar ita waccan ƙasar. Cewa "ai ba zan sauka ba, a cikin jirgi zan zauna" ba ta fitar da kai. Ana duba takardu ne a ranar hawa, wanda nasa ba su cika ba a bar shi a tasha, kuma ba a mayar masa da ko sisi. Shawarata ga mai tafiyar farko: ya zaɓi zagayen da duk tashoshinsa ke cikin Schengen, ya huta.

Kuɗin bizar Yuro 90 ne ga babba tun watan Yunin 2024, ban da na cibiyar da ke karɓar takardu, kuma ba ya dawowa idan an hana. Ana so ka nuna inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Kana nema ne a ofishin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta, idan kwanakin sun zo daidai sai ƙasar da za ka fara shiga. Ana iya miƙa takardu tun saura wata shida, amsa kuma takan fito cikin kwana 15, amma tana iya kaiwa kwana 45. Ga inda lissafin yake: yawancin kamfanoni suna karɓar kuɗin kamu da farko, cikon kuma sai saura kamar wata biyu zuwa uku, daga nan tarar fasa tafiya ta fara hawa har ta cinye kuɗin duka. To ka nemi biza da wuri yadda amsa za ta zo kafin ranar cikon. Tunda ana yawan hana mutanenmu, tikitin da ake mayar da kuɗin kamunsa ya fi wanda ya ɗan fi shi sauƙi amma ba a mayarwa. Araha ba ta ado. Fasfo ya kasance da sauran wata shida bayan ranar dawowa, katin rigakafin shawara kuma ya zauna a cikinsa.

Lokacin tafiya yana sauya farashi ƙwarai. Yuli da Agusta hutun makarantun Turai ne, ga tsada ga cunkoso ga zafi. Afrilu, Mayu, ƙarshen Satumba da Oktoba sun fi sauƙi. Daga Nuwamba zuwa Maris ne kuɗin ya fi faɗuwa, sai dai akwai sanyi, teku kuma takan yi fushi. Kamfanoni sun fi sakin rangwame daga Janairu zuwa Maris. Rangwamen ƙurarren lokaci da ake yi saura 'yan kwanaki ba namu ba ne, na waɗanda ba sa neman biza ne.

Ka isa garin da jirgin zai tashi kwana ɗaya kafin ranar, ko da kuɗin otal ya yi maka ciwo. Daga Kano, Abuja ko Yamai yawanci sai an ya da zango a Alƙahira, Addis Ababa ko Istanbul, jinkirin awa uku a hanya ya isa ya raba ka da tafiyar gaba ɗaya. Akwati ma idan ya maƙale a zango, kwanan nan ɗaya shi ke ba shi damar riskar ka. Kuma ka karanta sunan tashar da kyau. Idan talla ta ce Rum, babban birnin Italiya, Civitavecchia ake nufi, kusan kilomita 80 daga birnin. Idan ta ce Venice, tun Agustan 2021 aka hana manyan jirage shiga tsakiyar garin, don haka yana iya zama Marghera, ko ma Trieste ko Ravenna.

Zaɓen ɗaki ya fi abin da mutane ke zato muhimmanci. Iri huɗu ne: na ciki marar taga, mai taga da ba ta buɗewa, mai baranda, sai manyan ɗakuna na alfarma. A zagayen da kullum ana tsayawa a gari, kwana kawai za ka yi a ɗakin, na ciki ya ishe ka, rarar kuma ta biya maka yawon gari. Abin dubawa shi ne inda ɗakin yake. Jirgi yana rausaya ne kamar sikeli, goshi da baya sun fi motsi, haka hawa na sama-sama. Mai saurin jiri ya nemi tsakiyar jirgi, hawa na ƙasa. Ka buɗe taswirar jirgin a intanet ka duba me ke samanka, me ke ƙasanka. Ɗakin da ke ƙarƙashin wurin wanka zai tashe ka da asuba da jan kujeru, wanda ke saman zauren kiɗa ba barci sai tsakar dare, na goshi can ƙasa kuma yana jin rugugin sarƙar anga. Mafi natsuwa shi ne wanda ɗakunan kwana suka sa shi a tsakiya, sama da ƙasa. Akwai tikiti mai rangwame da kamfani ke zaɓa maka ɗaki da kansa, kuma abin da ya rage shi za a ba ka.

A cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi. Ana ba ka kati ɗaya, shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar shiga da fita, shi ne aljihu. Kana haɗa shi da katin banki ko ka ajiye tsabar kuɗi a asusun. Katin naira yana da iyakar kashewa a waje, kamfanin kuma yakan riƙe wani kaso a matsayin jingina, wanda kan ɗauki kwanaki kafin ya saku bayan sauka. Katin asusun dala ko tsabar Yuro sun fi kwanciyar rai. Idan na'ura ta tambaye ka ko a canza maka zuwa kuɗin katinka, ka ce a'a, a cire da kuɗin jirgin, canjinsu ya fi na banki tsada.

Abu na farko da ke hawa kan asusun shi ne kuɗin hidima, tukuicin ma'aikata da ake cirewa kullum a kan kowane fasinja. A jiragen Turai yakan kama Yuro 11 zuwa 12 ga babba, a na Amurka dala 16 zuwa 20. Mata da miji a kwana bakwai, a kan Yuro 12, Yuro 168 ke nan tun ba su sayi komai ba. Ka sa shi a lissafi tun farko, kada ka yi tunanin kauce masa, waɗanda ke gyara maka ɗaki sau biyu a rana da shi suke ciyar da iyalansu. Sai abin sha. Ruwa, shayi da kofi na na'ura kyauta ne a zauren ɗebi-da-kanka, lemon kwalba da ruwan gora kuwa saye ake, a ɗora kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a kai. Za a yi ta tallata maka ƙunshin abin sha na mako. Ka raba kuɗinsa na yini da farashin abin sha ɗaya ka ga guda nawa za ka sha kafin ka ci riba, ka tuna yawancin yinin kana gari. Da wuya wanda ba ya shan giya ya fanshe shi, kuma galibi idan mutum ɗaya ya saya dole abokin ɗakinsa ma ya saya.

Waya kuwa, da jirgi ya bar gaɓa ka danna alamar nan mai hoton jirgin sama. A tsakiyar teku layinka yana kama sabis ɗin jirgin da ke bi ta tauraron ɗan'adam, WhatsApp kaɗai yana sauke hotuna ya isa ya share kuɗin da ke kan layin. Intanet ɗin jirgi ya fi sauƙi idan an saya tun a gida.

Abincin halal sai an nema, kuma tun wata ɗaya ko biyu kafin tafiya, domin jirgi yana sayen kayansa ne tun da wuri. Ba kowane kamfani ke da shi ba. A daren farko ka samu shugaban masu kawo abinci ka yi masa bayani sarai: ban da naman alade, ban da giya a miya ko a kayan zaƙi. Girkin Italiya da Faransa yana yawan amfani da giya a romo da shinkafa, ba a rubutawa. Sukan kawo maka jerin abincin gobe tun yau ka zaɓa a dafa maka daban. Kifi, ƙwai, taliya da ganye ba sa yankewa. Kada ka ɗauko kilishi, dambun nama ko man shanu, dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da kayan madara daga waje, a filin jirgi za a ƙwace.

Wuta ita ce babbar abokiyar gabar jirgin ruwa, shi ya sa ake ƙwace dutsen guga, butar lantarki, kyandir da wayar jona wuta mai kariyar hauhawar lantarki. Hajiya, kasko da gawayi da turaren wuta su zauna a gida, humra ta wadatar. Abin da ya cancanci gurbi a akwati shi ne ƙaramar butar roba, domin ban-ɗakin babu abin tsarki, da 'yan ƙugiyoyi masu maganaɗisu, tunda bangon ɗakin ƙarfe ne, ka rataye hijabi da tawul. Wannan ƙarfen ne kuma ke rikita kamfas ɗin waya wajen neman alƙibla. Talabijin ɗin ɗaki yana da tasha mai nuna inda jirgin yake da inda ya dosa, da ita za ka kwatanta. Magunguna, takardu, sallaya da kaya kala ɗaya su zauna a jakar hannu, babban akwati yakan kai yamma bai iso ƙofa ba.

Kafin tashi akwai atisayen ceto, kuma wajibi ne. An tsaurara dokarsa bayan hatsarin Costa Concordia a gaɓar tsibirin Giglio a Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, da yawa daga waɗanda suka hau a ranar ba a riga an yi musu atisayen ba. Ka je da ƙafarka ka ga wurin taruwarka, ka nuna wa yara.

A gari ne ake iya rage kuɗi sosai, a nan ne kuma ake makara. Yawon da kamfani ya shirya yana da tsada, amma idan motarsu ta yi latti jirgi zai jira. Idan da kanka ka fita, ba mai jiran ka, kuma kai za ka biya hanyar riskar jirgin a ƙasa ta gaba. Barcelona, Genoa, Palermo da Valletta ba sa buƙatar ɗan jagora, gari na kusa da tasha. Rum ce ke son lissafi: jirgin ƙasa daga Civitavecchia kamar Yuro 5 ne, awa ɗaya da 'yan mintuna, sai dai yajin aikin sufuri ba baƙon abu ba ne a Italiya. Ka tsara dawowa tasha saura awa biyu, ka bi agogon jirgi ba na wayarka ba, ka ɗauki hoton takardar shirin yini da jirgin ke bayarwa, mai lambar wakilin jirgin a tashar. Ana rufe ƙofa yawanci saura minti 30 a tashi.

Ciwon da ya fi yaɗuwa a jirgi amai da gudawa ne na ƙwayar norobairos. Man goge hannu ba ya kashe ta sosai, sabulu da ruwa na daƙiƙa 20 ne maganin, kafin kowane cin abinci. Maganin jiri ana shan sa kafin jirin ya zo, filastar bayan kunne kuma ana manna ta saura awa huɗu, tana aiki kwana uku, amma a tambayi likita tukuna. Citta tana taimakawa. Asibitin jirgi na kuɗi ne, ka tabbata inshorarka ta ambaci jinya a teku da ɗaukar gaggawa. Ba a ɗaukar mai cikin da zai shiga mako na 24 kafin tafiyar ta ƙare, yawanci kuma ba a ɗaukar jariri ɗan ƙasa da wata shida.

Asusunka ka riƙa duba shi kowace rana a manhajar jirgin, kuskure ya fi sauƙin gyara ana teku fiye da bayan an sauka, layin ofishin baƙi kuma a safiyar ƙarshe ba ya ƙarewa. A daren ƙarshe ana ajiye akwati a bakin ƙofa a kwashe, don haka ka ware kayan da za ka sa da safe, fasfo kuma ya kwana a jikinka. Sauka bi da bi ake yi, tana iya cin awa biyu ko uku, saboda haka jirgin saman komawa gida kada ya zama kafin azahar, musamman daga Civitavecchia, inda filin jirgin Fiumicino yake da tafiyar kusan awa ɗaya a mota.