Ku koyi maganar hannu kafin ku ɗauki biro

Ɗiyar ƙanwata ce ta zo mini Unguwar Rogo da takardun tambayoyi, wai za ta rubuta kundin kammala karatu a Jami'ar Jos kan ilimin kurame. Na ce da wa za ki yi magana? Ta ce, "Kawu, da malaman makarantar kurame ta Bassa." Na ce su kuramen fa? Ko ɗago kai daga waya ba ta yi ba, ta ce ai akwai tafinta.

Haka na yi ni ma. Na daɗe ina rubutu kan tarihin kurame alhali ko gaisuwa ban iya da hannu ba. Na haddace labarin taron malaman kurame na 1880 a birnin Milan na Italiya, inda aka yanke cewa a daina koyar da kurame da hannu, a tilasta musu karanta leɓe. Na haddace na Andrew Foster, kurma baƙar fata ɗan Amurka, wanda ya buɗe makaranta a Akara a 1957, ya buɗe ta Ibadan a 1960. Duk gaskiya ne, kuma har gobe ban janye ko layi ɗaya ba. A lokacin wa ke rubuta wannan da Hausa? Ba a tuhumar wanda ya share hanya don bai zuba kwalta ba.

Amma wata rana a kasuwar Taminus ta Jos na zauna da wani tsohon kurma mai gyaran takalma. Ya ajiye basilla, ya daɗe yana magana, girarsa a haɗe, yana dukan ƙirji, yana nuna gabas. Tafinta ya juyo ya ce, "Ya ce ya gode." Abin da na rubuta ke nan. Sai daga baya na gane shi ma tafintan bai fahimce shi ba. Alamun makaranta ya iya, masu tushe daga Amurka, tsohon kuwa maganar hannu yake yi, wadda kuramen Hausawa ke koya a gida da kasuwa. Ni kuma na sha kiranta "nune-nune" a rubutuna, ban ɗauke ta yare ba. A 2000 wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta fitar da littafi kan tsarin wannan yare bayan ta zauna da kuramen Kano. Tsohon nan ya rasu da labarinsa, kuma wannan yana cina har yau.

To ku yaran yanzu, komai so kuke ku gama a mako ɗaya. Kada ku rubuta kalma a kan kurma sai kun iya hira da shi ba tafinta. Ko da yake kada ku tsaya jiran ƙwarewa, tsofaffin tafiya suke yi, ku je da ɗan abin da kuka iya. Wayar nan da kuke ɓata dare a kanta, ku nemi izini ku ɗauki bidiyon hannayensu da fuskokinsu, don rabin maganar a fuska take. In kun gama rubutun, ku mayar musu su gyara kafin wani malami ya sa hannu.