Liyarin da sikeli ya tona wa asiri

Na fara tara tsofaffin sulalla ne daga wani gwangwani da kakata ta bari, wanda ke cike da anini da ɗari da kwabo mai huda da taro da sisi, kuma na daɗe ina zaton cewa duk abin da ya yi baƙi ya sha hannu, to tsoho ne na gaske. Wani liyari da na saya a nan Kaduna shi ne ya raba ni da wannan zato.

Liyari shi ne kuɗin azurfar nan mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wanda fatake suka yi ciniki da shi a ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa. Mai sayarwar ya nuna mini shekarar 1780 a jikinsa a matsayin hujjar tsufa, ni kuwa a lokacin ban san cewa a shekarar ce sarauniyar ta rasu ba, kuma duk wanda aka buga bayan nan, ko a Biyana ko a Landan ko a Bombai, wannan shekarar ce a jikinsa. Da na kai wa wani dattijo maƙerin azurfa a Tudun Wada, bai tsaya kallon hoton ba, sai ya ɗora shi a kan yatsa ya ƙwanƙwasa. "Yaro, wannan ba ya kuka," in ji shi. Azurfar da aka buga tana da amo mai tsawo, nawa kuwa ya yi ƙas ya mutu. Sikeli ya ƙarasa zancen, domin na gaske yana da nauyin giram 28 da ɗan ɗoriya, nawa kuwa ya gaza da kusan giram uku. A gefensa, inda ya kamata a ga rubutun Latin tsaf, akwai siririn layi inda ɓangarori biyu na zubi suka haɗu, ga ƙananan ramuka da iska ta bari.

Mayen ƙarfe yana da amfani, tunda ba ya jan azurfa, amma kada a dogara da shi, domin dalma da tagulla ma ba ya jan su, kuma da su aka fi yin jabu.

Abin da ya fi wuyar ganewa shi ne kuɗin gaske da aka taɓa. Sulallan Afirka ta Yamma na zamanin Ingila sukan zo da ƙaramin harafin H ko KN, alamar masana'antu biyu na Bamingam da suka buga su, kuma wannan ɗan harafin kan bambanta farashi. Saboda haka akan kankare shi, ko a gyara lambar ƙarshe ta shekara. Da madubin ƙara girma za ka ga wurin ya ɗan lotsa, ko launinsa ya saɓa da na kewaye. Haka nan liyarin da mata suka yi abin wuya da shi, akan cire maratayin a goge tabon, alhali darajarsa a wurin masu tarawa ta riga ta faɗi.

Akwai kuma yaudarar da ba ta buƙatar jabu ko kaɗan. Kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga sarauta a wannan shekarar, akan tallata shi kamar ba shi da na biyu, alhali an buga shi da yawan gaske. Ina da uku daga gwangwanin kakata.

Jabun ma ba sabon abu ba ne, domin yawansa ne ya sa a 1938 aka fito da sule da dala, wato sule biyu, masu tsagi na musamman a gefe. Liyarin nawa kuwa yana nan a aljihun tebur kusa da sikeli, kuma da shi nake gwada amon duk wanda aka kawo mini.