Juma'a, 14 ga Fabrairu 2025, unguwar Nima, Accra

Mako biyu da suka wuce na tambayi mutuniyar ko akwai abin da take so ranar Balantin. Ta ce, "Haba, mu 'ya'yan Musulmi? Kada ka ɓata kuɗinka." Ni kuma da ƙarancin wayo na ɗauki maganar yadda ta faɗe ta. Yau a masallaci liman ya yi ta faɗa kan masu sa jajayen kaya, ina ta gyaɗa kai kamar ni na rubuta masa huɗubar.

Bayan la'asar na leƙa WhatsApp. Ta sa hoton abin da aka kai wa ƙawarta, turare da agogo da wata ƙatuwar 'yar tsana, ta rubuta a ƙasa, "Wasu dai sun dace." Na yi mata sallama. Ta gani, ta yi shiru.

Na rufe shago na hau trotro, ƙaramar bas ɗin haya, zuwa shataletalen Circle. A cikin cunkoson motoci 'yan talla na ta miƙo cakulan Golden Tree ta taga, nan dabara ta zo mini. Ai tun zamanin Shugaba Kufuor gwamnatin Ghana ta mayar da wannan rana ta zama Ranar Cakulan ta Ƙasa, don mu riƙa cin kokon da muke nomawa, tunda in ka cire Kwaddibuwa ba ƙasar da ta fi mu shi. To ni ba Balantin zan yi ba, kishin ƙasa zan yi. Na sayi cakulan Kingsbite manya guda uku, na ƙara da turare ɗan madaidaici. Kafin in iso unguwarsu Maamobi zafin aljihu ya sa ɗaya ya yi laushi kamar man shanu.

Kakarta na tarar a ƙofar gida kan tabarma. "A'a, angona, yau da me ka zo mini?" Kafin in buɗe baki ta karɓe ledar. Ta ɓare ɗaya, ta lasa, ta ce a zamaninsu toshi goro ne da sabulu da ɗan kwabo, kuma ba a jiran wata rana ta Turawa, duk ranar kasuwa ne. Wato mu samarin yanzu ma sauƙi muka samu. Ta soke na biyun a bakin zani.

Mutuniyar ta fito tana cin magani, ta karɓi narkakken da turaren. Na ce, "Ba ke kika ce kada in saya ba?" Ta ce, "Na ce kada ka ɓata kuɗi. Na ce kada ka tuna da ni?"

Har yanzu ban samo amsar wannan ba. Da zan tafi ta raka ni bakin lungu, tana murmushi ta ce azumi saura mako biyu, kuma atamfar da ta gani a kasuwar Makola ba za ta jira Sallah ba.