Kallon wutsiyar ido da sunansa na Turanci

Jiya da daddare muna cin tuwo, ƙanena ya ce wai a masallaci ya makara. Inna ba ta ce uffan ba, ko kai ba ta juya ba, ƙwayar idonta ce kawai ta gangara gefensa, loma na hannunta. Sai 'yata ta raɗa mini: “Baba, ka ga side-eye ɗin Hajiya?”

Kalmar ta tsaya mini a rai har na kwanta. Side gefe ne, eye kuma ido, wato kallon gefen ido mai ɗauke da zargi, ko shakku, ko rashin amincewa. Na ɗauka yaran TikTok ne suka ƙirƙiro ta, ashe tsohuwa ce. Tun ƙarshen ƙarni na 18 ake ganin ta a rubuce, marubuci James Joyce ma ya sa ta cikin littafinsa Ulysses a 1922, amma sai 2017 ƙamus ɗin Merriam-Webster ya shigar da ita.

Ni dai ban yarda harara ce fassararta ba. Harara a fili ake yin ta, faɗa take nema. Kallon hadarin kaji kuwa raini ne zalla. Na Inna daban ne, kallon wutsiyar ido ne mai cewa na ji ka, amma ban gamsu ba. Kafin a kwashe kwanuka ƙanen nawa ya faɗi inda ya tsaya.