Simit a Hannu, Muna Zaga Istanbul

Tun kafin mu sauka Istanbul muka yanke shawara ni da Abban yara cewa ba za mu ci abincin rana a otal ba, kuma ba za mu nemi gidajen abincin nan da ake samu iri ɗaya a kowace ƙasa ba. Duk abin da muka ga mutanen gari sun yi layi suna saye, shi za mu ci. Hajiya, mahaifiyarsa, da muka tafi tare, sharaɗi ɗaya ta kafa mana: sai ta ga yadda aka dafa da idonta. Sharaɗin nan kuwa ya fi sauƙin cikawa a bakin titi, domin a can wuta tana gabanka, hannun mai dafawa ma yana gabanka.

Da sanyi muka je, lokacin da rana ba ta daɗewa, kafin ka ankara an kira La'asar, ka ɗan juya an kira Magariba. Sai muka mayar da masallatai zangonmu. Mu yi salla a nan, mu taka zuwa na gaba, abin da muka tarar a tsakani mu saya.

Da simit muka fara, kuma kusan da shi muke buɗe kowace safiya. Burodi ne zagayayye mai rami a tsaka kamar awarwaro. Kafin a gasa shi ana tsoma shi a ruwan zaƙin inabi da aka dafa ya yi kauri, sannan a birkiɗa shi cikin riɗi, shi ya sa bayansa yake fitowa ja-ja da ƙaras-ƙaras, cikinsa kuma da laushi. A jajayen amalanke masu gilashi ake sayar da shi, kusan kowace kusurwa akwai. Abin da na lura da shi, na safe ya fi na yamma nesa ba kusa ba, don haka ki taɓa ledar ki ji ko da sauran ɗumi kafin ki biya. Auta kan saƙala nasa a hannu ya riƙa gutsira muna tafiya, riɗi duk ya bi gaban rigar sanyinsa.

Ayasofiya ce wurin farko da muka shiga. Na ga hotunanta ba adadi, amma hoto bai faɗa mini girman kubbar nan ba, wadda tsayinta daga ƙasa ya haura mita 55. A shekarar 537 aka kammala ginin, zamanin sarkin Rum Justiniyan, wato tun kafin haihuwar Manzon Allah (SAW) ginin nan yake tsaye. Ya shafe sama da shekara 900 yana coci, sai Sultan Muhammad Fatih ya ci birnin a 1453 aka mayar da shi masallaci. A 1934 gwamnatin Ataturk ta yanke a mayar da shi gidan tarihi, a 2020 kuma aka koma yin salla a ciki. Duk na zayyana wa yara wannan, amma hankalinsu yana kan manyan allunan nan guda takwas masu rubutun zinare da ke rataye a sama. Yaya, babban ɗanmu, ya shiga karanto su ɗaya bayan ɗaya: Allah, Muhammad, Abubakar, Umar, Usman, Ali, Hasan, Husaini. Ummi 'yarmu kuwa kyanwa ta gani a harabar ta bi ta. Kyanwoyin Istanbul ba su da mai su guda ɗaya, kowa nasu ne, za ka ga kwanon ruwa da na abinci an ajiye musu a ƙofar shago.

Masallacin Sultan Ahmad yana fuskantar Ayasofiya, fili ne kawai a tsakani, da hasumiyoyinsa shida da tayil shuɗi da ya lulluɓe bangon ciki. A wannan filin muka ci kestane. 'Ya'yan itace ne masu ɓawo ruwan ƙasa, ana tsaga bayansu da wuƙa a jera a kan faranti mai zafi har ɓawon ya buɗe baki. Cikin yana da gari-gari da ɗan zaƙi. Gaskiya yaran ba su damu da ɗanɗanon ba, ɗumin ƙunshin takardar suke so a tafin hannunsu. Hajiya ce ta cinye rabonsu.

A fadar Topkapi ba mu daɗe a ɗakunan lu'ulu'u da kayan sarauta ba, muka wuce sashen da ake ajiye kayayyakin da ake jingina wa Manzon Allah (SAW) da sahabbansa, waɗanda aka fara kawowa bayan Sultan Salim na Ɗaya ya ci Masar a 1517. Akwai alaramma a zaune yana karatun Alƙur'ani, ana canjin hannu dare da rana. A nan ne kaɗai ban ce wa kowa ya yi shiru ba, da kansu suka nutsu.

Babbar kasuwar nan mai rufi, wadda aka fara ginawa tun zamanin Fatih kuma take da shaguna wajen 4,000, mun leƙa ta mun fito. Ta cancanci a gan ta, amma da ƙananan yara wahala ce, kuma farashinta na baƙi ne. Na fi son lungunan da ke bayan Kasuwar Masar ta kayan ƙamshi, inda matan gari suke sayen cuku da zaitun da busasshen ɓaure, mai shago ya miƙo maka ɗanɗano a bakin wuƙa ko ba ka tambaya ba.

Daga nan taku kaɗan ne zuwa bakin ruwa a Eminonu, inda hayaƙin gashin kifi yake tarbar mutum tun daga nesa. A saman gadar Galata masu kamun kifi ne jere da sandunansu, a ƙasa kuma ana sayar da balik ekmek. Ba wani haɗi mai yawa ba ne: a tsaga kifi a gasa a kan ƙarfe, a sa cikin rabin burodi da albasa da latas, kai kuma ka matsa lemon tsami ka barbaɗa gishiri. Kifin titus ne, kuma yawancinsa yanzu daga Norway ake shigo da shi, ba daga ruwan da kake kallo ba. Hajiya ta tsaya a kan mai gashin har ya juya nata sau biyu, sannan ta gyaɗa kai. Uwa dai ta buɗe burodin yaro ta bi da yatsa kafin ta ba shi, don ƙaya tana ɓuya. Kusa da wurin ana sayar da wani jan ruwa a kofi, ruwan tsamin kabeji da kokwamba, ana korawa da shi. Yaya ya kurɓa sau ɗaya ya miƙa wa Abbansu. Ni kam ya yi mini, yana yanke maiƙon kifin.

Akwai abin da muka ƙi saye, wato midye dolma. Wata halittar ruwa ce mai baƙin ƙoƙo biyu, ana cusa mata shinkafa da kayan yaji, mai sayarwa ya buɗe ya matsa lemon tsami ya miƙo, kana ci yana ƙara buɗe wani har sai ka ce ya isa. Hajiya ta tambayi ɗanta, "Wannan kuwa ya halatta?" Ya ce mata a mazhabar Malikiyya duk abin da ke rayuwa a ruwa halal ne, Hanafiyya ce, wadda yawancin Turkawa suke bi, ta taƙaita a kan kifi, duk da haka ga shi ana ta saye. Ni ba wannan ne ya hana ni ba. Halittar nan ruwa take tacewa ta ci, duk dattin da ke cikinsa yana taruwa a jikinta, ga shi a tire yake wuni ba a kan wuta ba. Cikin yaro a ƙasar mutane ba abin gwaji ba ne. Ƙa'idata ke nan a duk tafiyar: abin da aka sauke daga wuta a gabana, a wurin da mutane suke layi.

Idan aka ce in zaɓi abu ɗaya da iyali za su yi a Istanbul, jirgin ruwan haya zan zaɓa, wanda ma'aikata da 'yan makaranta suke shiga kullum. Da katin Istanbulkart ake biya, shi ne dai na taragon titi da jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuma a tafiyarmu kati ɗaya ya ishe mu, sai dai mun riƙa ɗora shi sau adadin masu biya. Daga Eminonu zuwa Uskudar bai kai rabin awa ba, amma ka bar nahiyar Turai ka shiga Asiya. Mashigin Bosforus ke nan, mai tsawon kusan kilomita 31, wanda ya haɗa Bahar Aswad da tekun Marmara. A cikin jirgin ana sayar da shayi a ƙananan kofunan gilashi masu siririn ƙugu, baƙi wuluk ba madara, da sukari a gefe. Yara suka fita baya inda iska take kaɗawa, suka ga mutane suna jefa gutsuren simit sama, fararen tsuntsayen teku suna cafkewa kafin ya faɗo ruwa. Ummi ta jefa nata duka. Hajiya ta ce, "Takwara, ke kuma me za ki ci?" Ta ce, "Hajiya ai ke za ki ba ni naki." Haka kuwa aka yi.

A Ortakoy, gefen ƙaramin masallacin nan da ke bakin ruwa daf da gadar Bosforus, muka ci kumpir. Ƙaton dankalin Turawa ne gasasshe, a tsaga shi a dama cikin da man shanu da cuku har ya yi santsi, sannan ka nuna abin da kake so a ɗora: masara, zaitun, wake, jan kabeji. Guda ɗaya ya ishi yara biyu. Sai dondurma, askirim ɗin garin Marash, mai danƙo da ba ya saurin narkewa, saboda ana sa masa ƙaron itace da garin salep, saiwar wata fure da ke fitowa a duwatsun ƙasar. Wannan danƙon ne yake ba masu sayarwa damar wasa da mai saye: ya miƙo da dogon ƙarfe, ka kai hannu ya janye, ka damƙe sai ka ga mazubin kawai ya bar maka. Yaya ya yi ta dariya. Auta kuwa da aka janye masa na uku sai na ga leɓensa ya fara rawa. Mutumin ya lura kafin in yi magana, ya sunkuyo ya damƙa masa a hannu biyu. Mai ƙaramin yaro ya fara bari a yi wa babba, ƙaramin ya gani ya gane wasa ne.

Wurin da ya fi zama mini a rai shi ne Eyub. Can ne kabarin Abu Ayyub al-Ansari, sahabin da raƙumar Manzon Allah (SAW) ta durƙusa kusa da gidansa ranar shiga Madina, ya sauke shi a gidan har aka gina masallaci da ɗakuna. Yana tsoho tukuf ya biyo rundunar da ta zo yaƙin wannan birni a zamanin Mu'awiya, ya rasu aka binne shi kusa da ganuwa. Bayan 1453 Fatih ya gina masallaci a wurin, kuma a nan aka riƙa rataya wa sababbin sarakunan Usmaniyya takobi. Hajiya ta san tarihin sahabin tun tana yarinya, amma ba ta taɓa kawowa za ta tsaya a inda yake kwance ba. Ta yi masa sallama, ta daɗe tana addu'a, da muka fito ta kama hannun Auta ta ce, "Maigidana, ka san wa muka gaisar? Wanda ya sauki Annabi a gidansa."

A hanyar fita muka ga layi a gaban wata mota, ana soya ƙananan dunƙulen ƙulli a tsamo su a jefa cikin ruwan sukari. Lokma ke nan. Abbansu ya shiga layi, da aka zo kansa ya ciro lira, kuɗin ƙasar, sai mai zubawa ya ɗaga hannu ya nuna masa wata takarda da aka manna a jikin motar, mai ɗauke da sunan wani mamaci. Iyalan mamacin ne suka biya a soya a raba wa duk wanda ya wuce, abin da ake so kawai a yi masa addu'a. Ba a tambaye mu daga ina muke ba, aka ƙirga kanmu aka ba kowa nasa. Muka tsaya gefe Hajiya ta ja mu addu'a ga mutumin da ba mu taɓa gani ba, zaƙi yana ɗiga a yatsun yara.

Daga ranar na fara ganin abin a ko'ina. Tsofaffin wuraren shan ruwa na marmara da aka gina don masu wucewa suna nan a kusurwoyi. Masallacin Sulaimaniyya, wanda magini Sinan ya kammala a 1557, tare da ɗakin dafa abincin sadaka aka gina shi. A gidajen burodi kuma akwai abin da suke kira askida ekmek: ka sayi naka, ka biya kuɗin wani ka bari, duk mabuƙacin da ya zo ya tambaya a ba shi ba tare da ya san wanda ya biya ba.

A wani gidan burodi a Uskudar Yaya ya ga allo an rubuta lamba a kai, ya tambayi Abbansu ta mece ce. Da ya ji bayani sai ya lalubo canjin da ya rage masa na askirim ya ce, "Abba, wannan zai kai guda nawa?" Ya kai biyu. Mai burodin ya goge lambar ya rubuta sabuwa, Hajiya ta kwance bakin mayafinta ta ce a ƙara biyar.