Takardar awon zuciya a ƙaramin wurin gwaji

Wurin gwajina ɗaki biyu ne da falo a wata unguwa cikin Kano, kuma aikin da ya fi kawo mana mutane shi ne awon bugun zuciya, wanda likitoci ke rubutawa ECG a takarda. Yawancin masu zuwa masu hawan jini ne, sai masu kukan faɗuwar gaba, sai mata masu jego da ƙafa ta kumbura numfashi na yi musu wuya. Ciwon zuciyar bayan haihuwa sananne ne a ƙasar Hausa, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa.

Dattijo in ya ga wayoyi goma za a manna masa, tambayar farko ita ce, "Ɗana, ba za ta ja ni ba?" Sai in ce, "Baba, ba ta sa wuta, 'yar wutar da zuciyarka ke fitarwa take ɗauka." Huɗu a hannuwa da ƙafafu, shida a ƙirji, daga nan na'ura ta zana layi 12. Willem Einthoven, likita ɗan ƙasar Holan, shi ya kafa wannan awo, har aka ba shi kyautar Nobel a 1924, kuma haruffan da ya sa wa zanen su muke kira har gobe.

Rabin sana'ar nan samun zane mai tsabta ne. Da hunturu mutane kan zo sun sha basilin, wayar ba ta kama fata, dole a goge da auduga da sifirit. Mai rawar sanyi layinsa kan yi ta karkarwa. In janareton maƙwabci na kusa ko wayar ƙasa ba ta da kyau, sai zanen ya yi kauri, shi ya sa nake awo da batir. Mata kuwa mace ke yi musu, na ɗauki ma'aikaciya don wannan kawai.

Sabon yaro in ya zo koyo, ba na barinsa ya kalli rubutun da na'ura ke bugawa a saman takarda. Ƙirga gidajen da ke jikin takardar, wato 'yan murabba'an da aka zana, nake fara koya masa. Takardar na tafiya milimita 25 a daƙiƙa, don haka babban gida, mai faɗin milimita 5, daƙiƙa 0.2 ne. Ka ƙirga manyan gidaje tsakanin tsini da tsini, wato dogon tsinin da kowane bugu ke zanawa, wanda ake kira QRS, ka raba 300 da su: huɗu ya ba ka bugu 75 a minti. Baligi a hutu tsakanin 60 da 100 ake so. Sannan ya duba ko kowane tsinin QRS akwai ɗan tudun P, alamar matsawar ɗakunan saman zuciya, a gabansa, ko kuma tazarar bugun daidai take.

Nan ne aikin yake. In tazarar ta rikice, wani bugun kusa wani nesa, ga shi babu P ko ɗaya, to ɗakunan saman zuciya rawa suke maimakon matsawa. Jini na iya daskarewa a ciki ya tafi ƙwaƙwalwa, ya kawo shanyewar ɓarin jiki, alhali mutumin yana zaune yana hira da kai. In kuwa layin da ke bayan QRS ya ɗaga sama a layukan da ke maƙwabtaka, ga ciwon ƙirji ga gumi, ba na tsayawa rubuta rasit. A daidaita sahu ake nema, a nufi Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala da takardar a hannu. Haka in bugun ya sauka wajen 30 mutum yana ganin jiri.

Rubutun na'ura kuwa yakan tsorata mutane a banza. Samari masu ƙoshin lafiya, musamman mu baƙar fata, layin nan nasu kan ɗan ɗaga, na'ura ta buga cewa akwai matsala. Wani lokacin ma wayar hannun dama da ta hagu aka musanya. Shi ya sa kowace takarda sai likitan da muke aiki da shi ya gani ta WhatsApp ya sa baki, ni ba na faɗa wa kowa sunan ciwonsa.

Kafin mutum ya fita nakan ce ya yi hotokwafin takardar. Irin ta rasit ɗin POS ce, zafi na cinye zanen, kuma likita zai so ya kwatanta ta bana da ta bara.