Abin da aikin ofishin lauya ya koya mini kan tashin ɗan haya

Yawancin masu gidajen da ke zuwa ofishin lauyan da nake aiki a Abuja buƙatarsu ɗaya ce: a fitar musu da ɗan haya kafin wata ya mutu. Ni ne mai shirya takardu da kai su, saboda haka a kaina ake fara sauke fushin. Wani dattijo mai gidaje a Kubwa ya taɓa ce mini, "Yaro, da gumina na gina gidan nan." Na ce, "Gaskiya ne, Baba, amma tun da ka karɓi kuɗinsa ka damƙa masa makulli, idan ya ƙi tashi kotu ce kawai za ta tashe shi."

A dokar da ake aiki da ita a Abuja, idan yarjejeniyar haya ba ta faɗi wani wa'adi dabam ba, mai biya mako-mako ana ba shi notis, wato takardar sanarwar tashi, na mako guda, mai biya wata-wata wata guda, mai biyan shekara kuwa wata 6. In wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a ba shi takarda ta biyu mai kwana 7, wadda ke sanar da shi cewa mai gida zai kai ƙara. Sannan ne ake zuwa gaban alƙali. Ko an yanke hukunci ma, ma'aikatan kotu ne ke zuwa su fitar da kaya, ba mai gida da yaransa ba.

Abin da ya fi cin mutane shi ne lissafin kwana. Notis na wata 6 in ya gaza da kwana ɗaya, lauyan ɗan haya a nan zai kafa ƙafarsa. Mu a ofis muna lissafa shi yadda zai ƙare daidai da cikar shekarar haya, kuma ba ma sa hannu sai mai gida ya ba mu izini a rubuce, domin an sha watsar da ƙara saboda rashin wannan 'yar takardar. Dokar haya ta Legas ta 2011 ta sassauta batun cikar shekara. A 2021 kuma, a shari'ar kamfanin Pillars da Desbordes, Kotun Ƙoli ta nuna cewa bai kamata kuskuren notis ya zama mafakar ɗan haya ba muddin sammacin ƙara ya isa gare shi. Duk da haka lauyan da nake yi wa aiki ba ya yarda mu jingina da wannan, kuma ina ganin yana da gaskiya, don gyara takarda a kan tebur ya fi arha a kan gardama a kotu.

Masu gaggawa kuwa, sauri ne ke haifa musu nawa. Wanda ya kware kwanon rufi, ko ya yanke wuta da ruwa, ko ya sauya kwaɗo, ya mayar da kansa mai laifi. Ɗan hayar da ake bi bashin shekara biyu sai ya koma mai neman diyya. Ko gwamnati ba a bar ta ba: da gwamnatin soja ta Legas ta sa 'yan sanda suka fitar da Ojukwu, tsohon jagoran Biyafara, daga wani gida a Ikoyi alhali magana tana kotu, Kotun Ƙoli ta yi tir da hakan a 1986. Kai ƙara wurin 'yan sanda ma ɓata lokaci ne, bashin haya ba hurumin caji ofis ba ne.

'Yan haya su ma suna da tasu tatsuniyar, wai watannin notis zaman kyauta ne. Ban san wanda ya fara yaɗa ta ba, amma ta jefa mutane da yawa cikin bashi. Kowace rana da mutum ya kwana a gidan akwai kuɗinta, har bayan cikar wa'adi, kuma kotu tana lissafawa. Ɓuya don kada a miƙa maka takarda shi ma bai hana komai, ana iya neman izinin alƙali a liƙa ta a ƙofa. Abin da na ga yana ceton ɗan haya shi ne rasit, ko shaidar tura kuɗi ta banki, da halartar kotu ranar da aka kira shi.

Shari'ar haya tana iya cin shekara ko fiye, gida na tsufa, ba kuɗin da ke shigowa. Shi ya sa kafin mu shigar da ƙara mukan gwada zama da ɓangarorin biyu, wani lokacin da mai unguwa ko limamin masallacinsu. Mai gida ya yafe wani abu daga cikin bashin, ɗan haya ya sa hannu kan ranar da zai tashi. Idan an riga an shiga kotu, sai mu kai wa alƙali takardar sulhun ya mayar da ita hukunci, yadda in ranar ta zo bai tashi ba, ba sai an sake sabon notis ba.